Kyamarar shiga ruwa don hutun Yankari da Dadin Kowa: wacce zan saya?

Tambayar daga Gombe ta fito, daga wata Hajiya mai yara: "Salamu alaikum Malam. Muna shirin kai yara Yankari hutun ƙarshen shekara, kuma mukan je Dadin Kowa wajen dangin maigidana, yaran ba sa rabuwa da bakin ruwa. Bara wayata ta mutu a ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, alhali an ce min ba ta jin ruwa. Ina son kyamarar da za ta shiga ruwa, ta jure hannun yara, in kuma ɗauki giwaye da ita. In Allah Ya nufa akwai Umara a gaba, ina so mu leƙa tekun Jidda. Wacce zan saya?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana yaran. Gara in faɗa miki tun yanzu kafin kuɗi su bar hannunki: aiki biyu kika ɗora wa kyamara ɗaya, kuma ba wadda za ta iya ɗaukarsu duka. Wadda za ta bi yara cikin ruwa daban take da wadda za ta jawo miki giwa daga nesa. Maganar giwar tana nan tafe. Ta ruwan ita ce mai tsawo, domin a nan ne mutane suka fi yin asara, kuma galibi ba don sun zaɓi kyamara marar kyau ba.

Ita wayar taki, mai shago bai yi miki ƙarya ba, rabin zance ya ba ki. Manyan wayoyi suna zuwa da lambar IP68. Lamba ta farko, 6, ta ƙura ce, ma'ana ƙura ba ta shiga. Ta biyu, 8, ta ruwa ce, amma ba ta faɗi zurfi ba, ta dai ce ya haura mita 1, sauran kowane kamfani shi ke yanka wa kansa. Shi ya sa Samsung ya rubuta mita 1.5 na minti 30 a kan Galaxy S24, Apple ya rubuta mita 6 na minti 30 a kan iPhone 15, kuma dukansu IP68 ake kiransu. Gwajin a ruwan daɗi ake yinsa, ruwa kwance ba motsi, da sabuwar waya fil daga kwali. Ba a gwada ta a hannun yaron da ya taho a guje ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Abin da ke tare ruwan ba wani abu ba ne illa gam da siririyar roba, kuma kullum saki suke yi, ga zafi, ga faɗuwa, ga tsufa. In kuwa an taɓa kai ta wajen mai gyara ya ɗaga gilashi ko ya canza batir, to ta tashi daga aiki. Kamfanonin da bakinsu sun ce garantinsu bai shafi ɓarnar ruwa ba. Don tsautsayi aka yi wa waya wannan kariyar, ta suɓuce cikin baho ko ruwan sama ya rutsa da ke a hanya, ba don a yi iyo da ita ba.

Kyamarar da aka ƙera don ruwa gininta daban ne, kuma abin da ake fara nuna wa mai saye shi ne zurfin da take kaiwa. OM System Tough TG-7 mita 15, Pentax WG-90 mita 14, Pentax WG-8 mita 20, GoPro HERO13 Black mita 10, DJI Osmo Action 4 mita 18. Sai mutum ya ga mai 20 ya ce ai ta ninka mai 10, ya biya. Ki bar wannan lissafin. Wikki bai kai mita 2 ba a inda ya fi zurfi, kuma wanda bai koyi nutso da tukunyar iska ba da wuya ya wuce mita 3 ko 4. Amfanin ragowar mitocin shi ne su zame miki rara. Duk mita 10 na ruwa yana ƙara danna kyamara da kusan kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i, amma wannan a ruwa kwance ke nan. Yaro ya diro daga sama da ita a hannu, ko igiyar ruwa ta make ta, bugun da ƙofar ke sha a wannan ƙiftawar ido ya fi na zurfin wurin nesa ba kusa ba. Don haka daga mita 10 zuwa sama duk sun ishe ki, ƙasa da haka ki wuce. Ki kuma duba lokaci, don shi ba a buga shi da manyan baƙaƙe. TG-7 awa 1 aka lamunce mata a cikin ruwa, WG-90 awa 2. Ba a jiƙa ta tun safe har la'asar.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kyau. Duk kyamarar ruwa, mai tsada da mai araha, ranta yana rataye ne a wuri ɗaya: robar da ta zagaye bakin ƙofar batir da memori, da ta ƙofar caji. In kin buɗe ƙofar kika kai ta gaban haske za ki ga wata 'yar roba siririya, kaurinta bai wuce na zaren ɗinki uku huɗu a haɗe ba, kwance cikin wani ɗan kwari. Idan an rufe, ƙofar ce ke matse ta, matsewar kuma ita ce duk rashin jin ruwan da kika biya kuɗi a kai. Silin gashi ɗaya ya gitta a kanta, ko ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale, ya buɗe wa ruwa hanya. Ba zai shiga da ƙarfi ba, tsattsafowa zai yi a hankali, ke kina ta ɗaukar hoto, sai dare ki ga sikirin ya yi ɗishi-ɗishi, da safe ta ƙi kunnuwa.

Mu a nan Bauchi da Gombe abin ya fi shafarmu, saboda hutun ƙarshen shekara tsakiyar hunturu ne. Kin san yadda ƙurar Disamba take, a share ɗaki da safe, kafin azahar an iya rubutu da yatsa a kan tebur. Wannan garin ƙurar shi ke kwanciya a kan robar duk lokacin da aka buɗe ƙofa a waje. Yawancin kyamarorin da ake kawo min sun sha ruwa, in na bincika labarin iri ɗaya ne: an buɗe a bakin ruwa don canza batir, da jiƙaƙƙen hannu, ko yaro ya buɗe yana son ganin memori ya mayar ya rufe rabi. Saboda haka ki kafa doka a gidanki, ke kaɗai ke buɗe ƙofar nan, a cikin ɗaki, da busasshen hannu, kyamarar ma a bushe, ƙofar tana kallon ƙasa don ɗigon da ya ɓuya a gefe ya faɗo waje maimakon ciki. Kafin ki rufe ki dubi robar, ki share da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi. Kada a shafa mata basilin ko wani mai wai don ta yi laushi, yana cinye wasu robobin, yana kuma tara ƙura. Wajen zaɓe, wadda ƙofarta ke da makulli biyu, a ja sakata sannan a murɗa ɗan maɓallin da ke kulle sakatar, ta fi min kwanciyar hankali in akwai yara. TG-7 haka take. Wadda ke tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi ita ma ta rage miki yawan buɗe-buɗe.

Masu ƙera TG-7 sun ba da shawarar a riƙa canza robar duk shekara. Ga wanda ke Tokyo ko Landan wannan aikin yini ɗaya ne, mu kuwa sai an nemi mai tafiya. Kada ki ba mai gyaran waya ya kwance ta, ko da ya rantse ya iya. Zai iya mayar da komai ta kunnu, amma ba shi da na'urar gwada matsin ruwa. Ki ɗauka a ranki cewa rashin jin ruwa abu ne mai shekaru. Kyamarar da ta yi shekara biyar ba a taɓa robarta ba, ta ruwan sama ce da ƙura, ba ta nutso ba.

Sai zafi. Yawancin waɗannan kyamarorin za ki ga an yi musu kirari da jure sanyi har digiri 10 ƙasa da sifili, abin da ba ruwanmu da shi. Abin da ya dame mu yana can cikin littafin da ba a karantawa: iyakar yawancinsu wajen digiri 40 ne. A watan Maris da Afrilu Gombe tana taɓa wannan a inuwa, balle cikin motar da aka kulle a rana. Zafi yana busar da roba, yana kumbura batir. Kada a bar ta a gaban mota, kada a ajiye ta a kan dutse a rana yara su tafi wanka. Akwai kuma gumi: a fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa zafin waje, ko daga zafin rana a tsunduma ta ruwa, sai gilashin ya yi raɓa daga ciki, hoto ya fito kamar cikin hazo. Ba lalacewa ta yi ba, a bar ta a inuwa ta huce. 'Yan ƙullin nan farare da ake samu a kwalin sabon takalmi, ki tara su ki zuba a jakarta, suna shanye laima. Littafin zai kuma gargaɗe ki kan maɓuɓɓugar ruwan zafi. Ruwan Wikki digiri 31 yake rani da damina, bai kai iyakar ba.

To, ga ire-iren da ke kasuwa. Na farko su ne ƙananan kyamarorin hoto masu taurin rai, kuma a cikinsu TG-7 ce nake sa wa gaba. Ta fito a 2023, magajiyar Olympus TG-6 ta 2019, sunan ne ya canza bayan Olympus ya sayar da sashen kyamarorinsa. Tana jure faɗuwa daga mita 2.1, tana ɗaukar nauyin kilo 100 ba ta fashe ba, wato ko an zauna a kanta a mota ba komai. Abin da ya raba ta da sauran shi ne idonta. A mafi faɗinsa yana buɗewa har f/2.0, na WG-90 da WG-8 kuwa f/3.5. A aikace tana shigar da haske kusan ninki uku, kuma cikin ruwa ko ƙarƙashin bishiyoyin da suka lulluɓe Wikki haske shi ne komai, shi ke sa hoton yaro mai motsi ya fito tsaf maimakon ya goge. Faɗin nata milimita 25 ne, nasu 28, kuma a nan ƙaramar lamba ce ta fi faɗi, babba kuma ta fi jawo nesa. Bambancin kamar ba yawa, amma ruwa yana tsuke abin da kyamara ke gani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, komai ya ƙara girma ya matso, don haka duk ɗan faɗin da kika samu riba ne. Tana ɗaukar abu daga nisan santimita 1, yara za su sha mamakin ganin idon fara ko ƙafar tururuwa. Cajinta USB-C ne, fawabank ɗin wayarki zai yi mata, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ba ta da tabbas. Dala 550 aka sa mata da ta fito, sai ki buga da canjin ranar.

Mai shago zai ce miki ai megafiksel 12 ce kawai, ga WG-90 mai 16, ga WG-8 mai 20. Kada ya ruɗe ki. Sensar da ke cikin dukansu, wato ɗan farantin da ke karɓar haske, girma ɗaya ce, wajen milimita 6 da 4.5, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Cusa ɗigo da yawa a wannan ɗan fili ba ya ƙara kyau, yakan ma ƙara dusar hoto in haske ya yi ƙasa. Olympus da kansa ya sauko daga 16 zuwa 12 lokacin da ya fitar da TG-5 a 2017, da gangan. Wannan ƙanƙantar sensar kuma ita ce dalilin da zan gaya miki gaskiyar da masu talla ba sa faɗa: a tudu, musamman da magariba ko cikin ɗaki, wayarki mai kyau za ta fi kowaccensu fitar da hoto. Ba kyawun hoto kike saye ba, kina sayen damar ɗauka ne a inda ba za ki yarda ki fito da waya ba.

Su Pentax ɗin ba na yarwa ba ne. WG-90 ta fi sauƙin kuɗi, tana da ƙananan fitilu shida kewaye da idonta don ɗaukar abu na kusa, zuminta ya ɗan fi tsawo, yana kaiwa milimita 140. A rana tsaka hotonta lafiya lau. Ƙasa da ita akwai Kodak Pixpro WPZ2, mita 15, wadda in don a miƙa wa yara su yi ta fama ne, ta wadatar, amma ba ta da sauri, kuma in rana ta yi sanyi sai haƙuri.

Iri na biyu su ne 'yan mitsi-mitsin kyamarorin bidiyo, GoPro da DJI Osmo Action da Insta360. In abin da ke ranki shi ne bidiyon yara suna tsalle suna fantsama, ko tafiya cikin kwale-kwale, waɗannan sun fi TG-7, ba ma a haɗa su. Suna daidaita girgiza ta yadda ko gudu ake yi hoton zai tafi sumul, kuma a yawancinsu gilashin gaba ana cire shi a sa sabo in ya karce. Amma idonsu ɗaya ne, mai faɗi ƙwarai, ba ya jawo nesa, ba filasha, kuma abin da ya matso kusa sosai ba ya fita. Wanda ya tsaya a gefen hoto sai fuskarsa ta miƙe, ki ɗauki surukarki da ita ki ga yadda za ku ƙare. Suna kuma ɗaukar zafi. Cikin ruwa ko a iska ba matsala, amma a kafa ta wuri ɗaya a ranar Afrilu tana ɗaukar bidiyo mai kaifi sosai da ake kira 4K, takan kashe kanta ta huta. Sikirinsu na shafawa ne, kuma da zarar ya jiƙe ba ya jin yatsa, sai ki saita komai kafin a shiga ruwa, a ciki maɓalli kaɗai ke aiki.

Iri na uku ba kyamara ba ce ma, jakar leda ce mai makulli da ake zura waya a rataya a wuya. In sau ɗaya ne a shekara, ba laifi, amma da tsohuwar waya, ba wadda lambobinki da bankinki ke ciki ba. A fara gwada ta da tishu a ciki, a danna cikin bokiti na rabin awa, in ya fito a bushe sannan.

Giwa kuma fa? Dalilin da ya sa kyamarar ruwa ba ta jawo nesa shi ne idonta ba ya fitowa waje, a cikin jikinta yake motsi, a rufe, don kada ruwa ya sami kafa. Shi ya sa TG-7 ta tsaya a milimita 100, Pentax a 140. A Yankari daga kan mota ake kallo, dabbar kuma tana can gindin kurmi ko tsallaken kogin Gaji. Da milimita 100, giwar da kika gani da idonki ƙatuwa za ta fito ɗan tabo toka-toka a tsakiyar ciyawa, gwanki da ɓauna kuwa sai kin nuna da yatsa. Masu wannan aikin su ne irin Panasonic Lumix FZ80 mai kaiwa milimita 1200, ko Nikon Coolpix P950 mai kaiwa 2000, kuma ko yayyafi ba sa so. In dabbobin sun dame ki ƙwarai, ki ari irin wannan ko ki yi haya na kwana biyu. In ba haka ba, ki saya wa yara madubin hangen nesa su more kallo, ai ganin giwar ma sa'a ce, wani ya yi kwana uku sai dai kashinta da sawunta.

In ni ne ke, TG-7 zan saya, ko TG-6 ta hannu mai tsabta, don bambancinsu kaɗan ne, mafi girmansa bakin caji. In yaran sun tasa kuma bidiyo suke so, DJI Osmo Action 4 ko GoPro. In aljihu bai kai ba, WG-90. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne waɗannan marasa suna da ake tallatawa a intanet, 4K, mita 30, megafiksel 48, duk a kuɗin buhun shinkafa ko ƙasa. Su kansu ba sa jure ruwa, kwanson roba ake saka su ciki, maƙallinsa ya tsage shi ke nan. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta hannu tana da nata sharaɗin, domin mai sayarwa zai kunna ta ya ɗauke ki hoto ya nuna miki, alhali ba wannan kika zo saya ba. Akwai tsofaffi masu kyau da aka daina ƙerawa, Nikon Coolpix W300 mai mita 30, Fujifilm XP140 mai mita 25, amma ki tuna robarsu ta yi shekaru. Ki buɗe ƙofar ki danna robar da farce a hankali, mai rai tana dawowa, matacciya ta bushe ko ta baje ko ta tsattsage. Ki leƙa ramin batir da tocila, in kin ga fari-fari kamar gishiri ko kore-kore a kan ƙarfen, ta taɓa sha. Ki dubi kan sukurorin, in sun gurje an taɓa kwance ta. Sannan ki ce a kawo bokitin ruwa a tsoma ta minti goma a gabanki kafin ki biya, a danna maɓallanta a ciki. 'Yan kumfa kaɗan daga ramin lasifika ba komai ba ne, amma kumfar da ke fitowa a jere ba tsayawa daga bakin ƙofa, ki mayar masa da kayarsa. Wanda ya ƙi yarda da bokiti ya riga ya ba ki amsa.

Wuraren naki uku kuma ba hali ɗaya gare su ba. Wikki ruwa ne garau, daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, ana ganin yashin ƙasa, nan ne za ki sami hoton cikin ruwa na gaske. Ki shiga da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke sauka kai tsaye, ki ba ta baya, ki matsa kusa da yaron, mita 1 ko ƙasa, don duk ruwan da ke tsakaninku yana cin launi da kaifin hoto. Ki riga jama'a, in an cika an tayar da yashi sai a jira. In kin ɗago kyamara daga ruwa ki dubi gilashin kafin ki ɗauki na sama, ɗigo ɗaya ya isa ya shafe fuskar mutum, kuma hannun da ya sha man shafawa kada ya taɓa shi.

Dadin Kowa kuwa ruwan Gongola ne da aka tare, mai laka, musamman da damina da bayanta. Komai tsadar kyamara ba za ta ga abin da ido bai gani ba, in kuma kika kunna filasha sai ta haska ƙwayoyin lakar, hoto ya cika da fararen ɗigo. A can amfaninta a sama yake, cikin kwale-kwale, wajen masunta suna jan koma, ruwa na fantsama ba ki damu ba. Kuma a can ne za ki gane cewa ba ta jin ruwa amma ba ta iyo. Ta suɓuce, ta tafi ƙasa kamar dutse, ba mai ganinta. Ki sayi igiyar hannu mai soso wadda ke sa ta taso, mai launin ruwan lemo, ki gwada a bokiti ki tabbata tana ɗaukar nauyinta. Tunda maganar yara ce, ba zan yi shiru ba: rigar kariya kafin a hau kwale-kwale, kuma ruwan dam mai kwanciya gidan tsargiya ne, gara su yi wasansu a gaɓa.

Jidda gishiri ne, Bahar Maliya ma ta fi yawancin tekuna gishiri. Ba shigarsa ke kashe kyamara ba, bushewarsa ce. In ya bushe sai ya zama ƙanƙara-ƙanƙara a ƙarƙashin maɓallai da kan roba, maɓalli ya ƙage, robar ta karce. Duk ranar da ta shiga teku, kafin ki buɗe komai, ki jiƙa ta a ruwan daɗi minti goma, ki daddanna maɓallan a ciki, ki goge, ki shanya a inuwa. Ba sabulu, ba ruwan zafi, ba na'urar busar da gashi. Ruwan wurin wanka na otal ma haka, saboda sinadarin da ake zubawa. Ko daga Dadin Kowa kika dawo ki ɗauraye mata lakar.

Ki ware kuɗin batir na biyu, don ɗaya ba ya kai yini in yara na bidiyo, ki kuma cika su tun daga gida. A jirgi batir a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Memori ki nemi mai alamar U3 ko V30 in za ki ɗauki 4K, a shagon da za ki iya komawa, domin jabu sun yi yawa, zai nuna miki 128GB, ya cika a 8, sauran hotunan su tafi ba sallama. TG-7 babban kati take ci, GoPro da DJI ƙarami irin na waya.

A sansanin Wikki ki kula da gwaggon biri. Sun saba da mutane, ba sa tsoron mata da yara, kuma duk abin da ke cikin leda ko ƙaramar jaka abinci ne a wurinsu. Kada a haɗa kyamara jaka ɗaya da biskit, kada a bar ta a kan tabarma a shiga ruwa. Sannan ki ja wa yara kunne kan inda suke nuna ta. Wurin wanka ne, akwai matan mutane da 'ya'yansu, kuma mai idon nan mai faɗi tana kwaso wanda ba a yi niyya ba. Su ɗauki junansu, in wani ya shigo ciki a goge, in kuma ana son hoton masunci ko direban kwale-kwale a Dadin Kowa, a yi masa sallama a nemi izininsa tukuna.